Majanyina a Hannun 'Yar Japan

Matar ta taso tun daga Japan ta zo Doha don ta tara ƙulli. Haka maigidana ya gaya mini ranar da ya ɗauko ta daga filin jirgi, sai da na sa ya maimaita. Ƙulli dai da kuka sani, irin wanda ake yi wa igiyar akuya ko bakin buhu.

Na ce, "To in ta tara sai ta yi me da shi?"

Ya ce, "Sai a zo a kalla."

"Su wa?"

"Manyan mutane, Amarya. Ke dai zubo mini abinci."

A shekarun dubu biyu da 'yan kai ne, lokacin da ko'ina ka duba a garin sai ƙarafan gini sun tokare sama. Muna zaune a Umm Salal, can bayan garin Doha, a wani ciki da falo bayan gidan gonar kafil ɗin maigidana, wato Balaraben da ya ɗauke shi aiki ya tsaya masa. Shi ne direban gidan, ya daɗe da su, tsohon ya yaba da hankalinsa har ya yi masa takardun da na biyo shi, abin da ba kowane direba ke samu ba. Na iso da jaririya 'yar wata biyar a bayana. Ban san kowa ba, Larabcina na salla ne kawai, boko kuwa a aji huɗu na tsaya. Komai tsoro yake ba ni. In na kunna na'urar sanyi sai in ce za ta sa wa yarinya limoniya, in na kashe sai in ce zafi zai dafa ta. Ruwan famfo da rana yana fitowa da zafin da za a fige kaza da shi, sai na tara a bokiti tun safe, in yi ta tsoma gwiwar hannu ina gwadawa. In ta yi barci ya yi tsawo sai in sa yatsa a hancinta in ji ko tana numfashi.

Abu ɗaya na zo da shi wanda ba na shakkarsa, shi ne majanyi. Kakata ce ta saƙa shi, fari ne da ratsin baƙi. An goyi Inna da shi, an goye ni, an goyi ƙannena, har ya yi laushi kamar kunnen ɗan akuya. Ranar da zan taho Inna ta ninke shi ta sa mini a jaka da hannunta, ba ta ce komai ba sai, "Ki dawo mini da shi." Yarinyar kuwa ba ta barci sai an ɗaure ta da shi, ta jawo gefensa ta sa a baki tana tsotsa.

Ita ce ta fari a wurina, mu kuwa a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta a gaban mutum ba. "Yarinyar nan" nake cewa, ko "waccan." In ta yi kuka a gaban baƙo sai in kau da kai kamar 'yar maƙwabta ce. Akwai wata dattijuwa mai dafa abincin gidan, 'yar Zongon Kumasi, Iya nake ce mata. Ita abin dariya yake ba ta.

Takan ce, "Ke 'yar nan, a Qatar wa kike wa kunya? Raƙuma? Ko surukarki tana leƙo ki ta tagar jirgi ne?"

In ce, "Iya, haka muka tarar."

Ta ce, "Mu ma mun tarar, muka bar shi a tasha."

'Yar kafil ce ta gayyato 'yar Japan ɗin. Ta yi karatun zane a waje, ta dawo ta buɗe wani ɗakin nuna kayan zane a cikin gari. Aka sauki baƙuwar a sashen baƙi na gidan gonar, aka ce maigidana ya riƙa kai ta duk inda take so. 'Yar ƙaramar mace ce, za ta yi hamsin, gashinta furfura an aske shi gajere kamar na namiji. Tana sa malafa, ta ƙara da lema, ga safar hannu fara a cikin wannan zafin. Kowa ta gani sai ta rusuna masa. Na ga ta rusuna wa mai ba dabino ruwa, na ga ta rusuna wa Iya, wata rana da idona na ga ta rusuna wa raƙumi.

Wata safiya ina shanya a bayan ɗakinmu, yarinyar tana bayana, sai na ji mutum ya tsaya. Na juyo, ga ta. Ba fuskata take kallo ba, ba kuma yarinyar ba. Ƙirjina take kallo. Ta matso, ta sunkuya, ta karkata kai hagu, ta karkata dama. Na ja mayafi zan rufe, ta ɗaga hannu alamar in bari. Sannan ta ƙwala wa maigidana kira, yana can yana wanke mota. Iya ma ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

Matar ta yi magana da Turanci a hankali, maigidana ya saurara, ya ce, "Ƙullin majanyinki take kallo. Ta ce ta je ƙasashe da yawa, ta ga ƙullin da ke riƙe jirgin ruwa, ta ga mai riƙe gada, ba ta taɓa ganin mai kyau irin wannan ba."

To in baƙo ya yaba abinka, me za ka ce masa? Bakina ya riga ni. Na ce, "Ai tsumma ne, ba wani abu ba ne. In tana so ta ɗauka."

Ya fassara. Ta ja da baya, ta girgiza hannu biyu, ta rusuna. Ta ƙi. Zuciyata ta kwanta. Da na yi shiru a nan da shi ke nan. Amma a gidanmu ba a tayi sau ɗaya a janye, sai a ce da ma ba ka yi niyya ba. Na ce, "Haba, ta ɗauka mana." Ta sake ƙi, ta rusuna har malafarta ta kusa faɗuwa. Na ce a raina wannan mace ta san ya kamata, bari in cike na uku a wuce wurin. Na ce, "Wallahi in ba ta karɓa ba ba zan ji daɗi ba."

Sai ta miƙo hannu biyu.

Daga baya maigidana ya ce mini wai su ma a wajensu haka ake yi, a ƙi sau biyu, a na uku a karɓa. Ni na ɗauka muna rufe magana ne, ita kuma ta ɗauka yanzu aka buɗe.

Ina iya cewa, ku dakata, yarinyar ba ta barci sai da shi. Magana ce ta numfashi ɗaya. Amma a gaban mijina, da Iya, da baƙuwa, in buɗe baki in nuna na damu da barcin 'yar fari? Na kai hannu zan kwance, matar ta yi wata 'yar ƙara kamar an taka ta. Maigidana ya ce, "Kar ki kwance! Ƙullin take so, yadda kika ƙulla shi."

"To yaya zan fita daga ciki?"

Iya ce ta ajiye ludayi ta zaro yarinyar ta sama kamar ana zare rogo. Ni kuma na yi ta murguɗa jiki, majanyin yana zamewa daga ƙirji zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa gwiwa, ina riƙe da zanina da hannu ɗaya kada ya bi shi, har ya faɗi a ƙafafuna na tsallake. Matar ta durƙusa ta ɗauke shi da safar hannunta, ta tafi da shi a gaba kamar mai ɗauke da kwanon miya cike.

Da azahar yarinyar ta fara kuka. Na goya ta da mayafi, ta lalubo gefensa ta sa a baki, ta tofar, ta sandare. Na gwada tawul. Na gwada zanin gado. Na gwada jan rawanin nan mai ɗigo-ɗigo da kafil ya ba maigidana. Ya je kasuwa ya sayo wani farin yadi mai ratsin baƙi, na wanke shi sau huɗu na murje shi a kan dutse don ya yi laushi. Ta ɗanɗana sau ɗaya ta dube ni kamar na zage ta. Kuka take har muryarta ta dushe, ta rage shan nono, wuyanta da ke da ninki biyu ya koma ɗaya. Ni kuma ina lissafa cututtukan da na sani ɗaya bayan ɗaya.

Na ce wa maigidana, "Malam, ko za ka yi wa baƙuwar magana?"

Ya ce, "In ce me? Sau uku na fassara da bakina, har da wallahi. Baƙuwar 'yar maigida ce, Amarya. In ranta ya ɓaci, ni da ke da yarinyar duk jirgi ɗaya za a sa mu."

Ranar Juma'a ya sayo katin waya na kira gida. Inna ta ji kukan ta ce, "Ke, goya ta mana."

Na ce, "Na goya."

"Da majanyin?"

Na ce, "Yana nan." Ban ce a ina ba.

Kwana biyu da karɓar majanyin sai ga maigidana da faranti, a kai akwai kwali an naɗe shi da takarda mai kyau. Ya ce daga wajen 'yar Japan ne. Murna ta kama ni, na ce Allah ya sa ta gane. Na buɗe, na tarar da wani kwalin. Na buɗe shi, na tarar da takarda an ninke. A cikin takardar ga wani ɗan kofin shayi ba mariƙi, ya taɓa fashewa an like tsagar da wani abu mai ruwan zinariya.

Iya ta juya shi ta ce, "Kin ba da majanyin kakarki an ba ki fasasshen kofi. Allah ya sa albarka a ciniki."

Amma ba a mayar da faranti wayam. Na zauna da yarinya tana tsala ihu a bayana na soya cincin, na cika farantin na aika. Washegari farantin ya dawo da kwali. Na buɗe. Mafici ne na takarda. Na yi dambun nama na aika. Ya dawo da lema. Na ciro turmin atamfa daga cikin kayan lefena na aika, na ce wannan in ta gani za ta san an kai ƙarshe, ko kuma ta tuna cewa yadi ake mayarwa da yadi. Maigidana ya ce shi an ɗauke shi tuƙin mota ne, ga shi ya koma tuƙin faranti.

Wannan karon kwalin babba ne, kuma da laushi. Na ce Alhamdulillahi tun kafin in buɗe. Sai ga wata jaka mai maɗaurai kamar ta sojan lema. Ashe matar ta ji kukan, ta tambaya, maigidana ya ce mata zafi ne ke damun yarinyar. Ita kuma ta lura ba ni da abin goyo, sai ta sa aka kai ta babban kanti ta sayo mini irin na zamani. Ta biyo bayan kwalin da kanta don ta nuna mini yadda ake sawa. Ta rataya mini, ta ɗaɗɗaure, ƙas, ƙas, ta ɗauki yarinyar ta zura ta a ciki. A gaba. Fuskarta a fuskata, hancinmu ya kusa haɗuwa, a tsakar gida, gaban kowa.

Ban san inda zan kai idona ba. Na dubi sama. Na dubi bishiyar dabino. Yarinyar ta kama leɓena tana ja tana kuka, ni kuwa ina ta nazarin dabino kamar ni aka ba aikin ƙirga shi. Iya ta zauna a bakin kicin tana dariya har tana share hawaye da gefen zani. 'Yar Japan ta rusuna, na rusuna da yarinya a ƙirji, muka kusa kifewa.

A wajen cin abinci ne maigidana yake kawo mini labarinta gutsure-gutsure, don in suna tafiya a mota takan yi masa hira. Ya ce a wani ƙauyen masunta aka haife ta, ubanta gyaran koma yake yi. Ta tafi babban birninsu ta koyi zane, ta shekara goma tana zana furanni, ba mai saye. Baje kolinta na farko gwaggonta ce kawai ta zo, ita ma don ta fake wa ruwan sama. Da uban ya rasu ta koma gida ta tarar da komar da yake gyarawa, ta gano ƙullin ƙarshe da ya yi. Ta sa shi a akwatin gilashi. Wani mutum ya gani ya tsaya yana kuka. Tun daga ranar ta ajiye alƙalamin zane, ta shiga bin duniya tana tara ƙulli, shekara wajen ashirin ke nan. Kowanne tana rubuta masa takarda, wanda ya ƙulla da abin da ya riƙe. Ita kanta ba ta ƙulla komai, ba ta kwance komai, takalminta ma ba mai igiya ba ne. A Wakrah, wani gari a bakin teku, masunta sun ɗauka taɓaɓɓiya ce har sai da suka ga tana saya musu sabuwar igiya a madadin tsohuwa, daga nan kowa ya riƙa kiranta ta zo ta ga tasa.

Na ce, "Sabuwar igiya kuma? In ta gama kallo ba ta mayar musu da tasu?"

Ya ci gaba da tauna.

"Malam."

Ya ce, "Yankewa take yi. Ta bar kamar tsawon yatsa ta nan, tsawon yatsa ta can. Sai ta tsoma ƙullin a wani ruwa kamar ƙaro, ya daskare ya zama dutse."

Na ajiye cokali. Na ce, "Ta yanka nawa?"

"Tukuna. Wanda ya fi burge ta shi take ajiyewa sai ranar buɗe baje koli, ta yanka a gaban mutane. Naki ta zaɓa. Alhamis mai zuwa, bayan la'asar. Ta ce lallai ki zo, ke ce babbar baƙuwa."

Ya faɗi haka yana ɗan murmushi, wai ko zan ji daɗin an girmama ni.

Ranar Talata na yi ta maza na tafi sashenta ni kaɗai, na bar yarinyar wurin Iya. Na shirya abin da zan yi, zan nuna majanyin, in nuna bayana, in haɗa hannu. Ta buɗe ƙofa ta yi murna, ta zaunar da ni a ƙasa. Ga majanyina can a kan matashi, ƙullin yana sama, an kewaye shi da sarari kamar mara lafiya. Ta shiga haɗa mini wani koren shayi. Kafin ta ɗauki cokali sai ta goge shi, kafin ta ajiye sai ta juya shi, har na ji kiran azahar tana kan kaɗawa. Na sha, ɗaci kamar ruwan shuwaka. Shiru ya yi yawa, na ga ya kamata in ce wani abu kafin in shiga roƙo. Na nuna silifas ɗin da ke ƙafarta na ɗaga babban yatsa.

Na dawo ɗaki da silifas a hannu. Sau biyu na ƙi.

Iya ta dube ni ta dubi silifas ta ce, "Gobe ki koma ki yabi majanyin."

Na yi tunanin haka da gaske. Amma wa ke yabon abin da shi ya bayar?

Ranar Alhamis na sa atamfata mai kyau. Iya ta samu izini ta biyo mu, ita ta riƙe yarinyar, don ba zan shiga taro rungume da 'yar fari ba. Wurin wani farin ɗaki ne dogo, sanyi kamar cikin firji. A bakin ƙofa mai gadin ya ji muna Hausa ya washe baki, ashe mutumin wajen Kano ne.

Ya ce, "Hajiya, ku ma kun zo kallon igiya? Wallahi na yi gadin otal, na yi gadin kanti, yau ga ni ina gadin abin da ko a kasuwar Kurmi aka yar ba mai sunkuyawa. An ce in wani ya taɓa in fitar da shi."

Akwatunan gilashi ne jere a kan fararen dakali, kowanne da ƙulli ɗaya a ciki da 'yar takarda a gefe. Larabawa da fararen riguna, matansu da baƙaƙen abaya, Turawa da kofunan lemo, kowa yana tafiya a hankali yana magana ƙasa-ƙasa kamar an zo gaisuwar rasuwa. Na ga wani Bature ya tsaya gaban dabaibayin raƙumin gidanmu yana gyaɗa kai. Na san dabaibayin, na san ma ranar da raƙumin ya yi fitsari a kansa.

A ƙarshen ɗakin akwai tebur. A kai ga akwatin gilashi a buɗe ba komai ciki, ga kwano da ruwan ƙaron, ga almakashi dogo baƙi, ga majanyina. Na ce wa maigidana ya karanta mini takardar. Ya ce, "An rubuta, wadda ta ƙulla, wata uwa. Abin da ya riƙe, 'yarta."

'Yar kafil ta yi jawabi da Larabci, ta yi da Turanci, ta nuna ni, aka juyo aka dube ni aka tafa. 'Yar Japan ta fito da baƙaƙen kaya, ta rusuna wa mutane, ta rusuna wa majanyin. Ta gwada tsawon yatsa daga ƙullin. Ta ɗauki almakashi.

A nan yarinyar ta hango shi. Tana kafaɗar Iya, mako uku rabonta da shi. Ta miƙa hannu biyu, ta buɗe baki, sai da ta ɗan jima ba sauti, sannan ihun ya fito ya cika farin ɗakin nan har gilasai suka amsa. Na kau da kai yadda na saba. Idona ya sauka a kan almakashin, ya buɗe baki, gefen saƙar kakata yana tsakaninsa.

Na ji wata ta ce "Khalas!" da ƙarfi. Ni ce. Ita ce kalmar Larabcin da na fi ji a gidan, wato ya isa haka. Ban san lokacin da na ratsa mutane ba. Na dafe majanyin da hannu biyu, na ce da Hausa, da muryar da ban san ina da ita ba, "Na wance ne!" Sai dai ba wance na ce ba. Sunanta na kira, cikakke, a gaban mijina da Iya da kafil da Turawa da mutumin Kano. Ban taɓa jin sunan da muryata a cikin mutane ba sai ranar. Na ƙara da cewa, "'Yata ce, ba ta barci sai da shi, ta rame, ku dube ta!"

Mai gadin ya taho don an taɓa kaya, ya iso rabin hanya ya tsaya yana gyara hularsa.

Na kama ƙullin zan kwance, ya ƙi. Zamewar da na yi daga cikinsa ta ƙara tsuke shi, ga mako uku yana zaune. Na sa farce, ya ƙi. Na sa haƙori. Ina tsaye gaban manyan mutanen Doha da atamfata mai kyau ina gurgurar tsumma kamar akuya, har ya saki. Na karɓi yarinyar daga hannun Iya, na sunkuya, na cilla ta baya, na ja zani, na ɗora majanyi na ɗaure. Ta lalubo gefensa ta sa a baki. Ta ja ajiyar zuciya sau biyu. Kanta ya faɗi a tsakanin kafaɗuna.

Sai aka fara tafi. Wani Bature ne ya fara, saura suka bi. Sun ɗauka duk cikin shirin ne. Wata mata ma har da share ido.

Maigidana ya zama kamar an zare masa jini. 'Yar Japan kuwa tana nan da almakashi a hannu, tana kallon ƙirjina, inda sabon ƙulli yake. Ta yi masa tambaya a hankali. Ya yi ta bayani yana haɗa gumi, ina jin yana ta nanata kalma ɗaya. Daga baya ya ce mini tambayarsa ta yi me ya sa ban faɗa ba tun ranar farko, shi kuma ya rasa yadda ake cewa kunyar ɗan fari da Turanci, sai ya ce mata a wajenmu uwa ba ta nuna tana son ɗanta na farko. Ta ce ita ma ta fari ce, kuma innarta har ta mutu ba ta taɓa yabonta a gaban mutum ba, in za ta gabatar da ita sai ta ce ga shashashar 'yarmu.

Ta ajiye almakashin. Ta ɗauki akwatin gilashin nan da ba komai ciki, ta rufe shi, ta kai shi kan dakalinsa, ta jingina takardar a gefe. Sannan ta rusuna mini, irin rusunawar da ban ga ta yi wa ko raƙumi ba. Ni ban iya mayarwa sosai ba, ina tsoron kada yarinyar ta farka.

Har muka fito mutane suna cincirindo a gaban wannan akwatin. Mai gadin ya raka mu ƙofa yana cewa, "Hajiya, kin ƙara mini aiki. Da igiya nake gadi, yanzu an ce in fi sa ido a kan wanda ba komai."

A mota Iya ta dube ni. Ta ce, "Ashe kin san sunanta."

Na ce, "Iya, a yi a hankali, yarinyar nan tana barci."

Ba a kore mu ba. Kafil da aka fassara masa abin da na ce, dariya ya yi har da tari, ya aiko mana da kwalin dabino. Matar ta ƙara mako biyu ta tafi. Bayan shekara biyu ko uku wani kati ya zo ta hannun 'yar kafil, hoton wani babban zaure ne a wata ƙasa mai sanyi, mutane sun yi layi da manyan riguna, a gabansu akwatin nan ne da takardarsa. Maigidana ya ce an ce a duk kayanta shi aka fi tambaya. Na daɗe ina duba hoton ko zan ga abin da suke gani. Gilashi ne dai, an goge shi tas.

Da muka je gida hutu na mayar wa Inna majanyinta, lokacin yarinyar tana gudu da ƙafarta. Ta warware shi a cinya tana bin saƙar da yatsa, kamar yadda na san za ta yi. Ta iso wurin da zare uku suka tsinke, inda haƙorana suka shiga. Ta ɗaga shi ga haske.

Ta ce, "Me ya ci nan?"

Na ce, "Ɓera ne, Inna."

Ta sake dubawa, ta dube ni. Ta ce, "Ɓeran Doha da giɓi yake, irin naki?" Ta ninke shi ta sa a ƙarƙashin matashinta, don matar ƙanena tana da ciki wata bakwai.